Mushe Lawali da Biyolonsa Mai Shan Ruwa

Duk wanda ya zauna a unguwar Birni ta Damagaram ya san ba a kiran abin kiɗan nan na Mushe (wato Malam) Lawali goge. Ka kuskura ka ce goge, sai ya cire tabarau ya dube ka tun daga ƙafa: biyolo ne, kuma a Dakar ya koyo shi! Ni taubashiyarsa ce, saboda haka kullum goge nake cewa, da gangan.

Sau ɗaya muka lallashe shi ya yi kiɗa a biki, a Mirriya. Ya hana rawa, ya hana guɗa, ya lumshe ido yana ta jan abu a hankali. Mata sun ci ɗamara suna jira. Can wata tsohuwa ta taɓa shi ta ce, "Ɗana, in ka gama gyaran tsirkiyar, ka fara mana." Ashe ya gama kiɗan ke nan! Har muka iso Damagaram bai yi mini magana ba.

Da shekarar fari ta zo, tsoronsa ɗaya: kada katakon ya bushe ya tsage. Mutane na kwana a layin rijiya, shi kuwa bawan Allah sai ya jiƙa tsumma daga randar Ladi matarsa, ya sa cikin akwatin biyolo. Ladi ta yi faɗa har maƙwabta suka haddace. Ya ce rabonsa ne yake ba shi, ya kuwa rage sha, leɓe duk ya farfashe. Yaran lekol, 'yan boko, da yake koya wa ma, sai sun shafe gumin hannu kafin su taɓa.

Sai zazzaɓi ya kwantar da Ladi, jiki kamar garwashi, ruwan gidan bai fi moɗa ba. Ina zaune ya buɗe akwatin, ya ɗauko tsumman ya ɗora mata a goshi. Duk ɗigon da aka samu a kwanakin nan, nata ne. Ranar da ta tashi zaune, bayan biyolon ya riga ya tsage.

Ta fashe da kuka. Ya ce, "Yi shiru, Ladi. Dama muryarki ta fi tasa kaiwa nesa."

Da tsagaggen ya ci gaba da koyarwa har ya rasu, biyolon na ƙara kamar ƙudan zuma, ba mai ikon dariya sai ni. Wallahi ina kewarsa. Allah ya jiƙan Lawali, ya sanyaya makwancinsa, ya shayar da shi ruwan Alkausara har ya ƙoshi.