Bayan Rigar Yaya Sani

Masu karanta littattafan Yaya Sani, na aljanun ƙarƙashin gulbi da raƙuma masu fukafukai, sukan tambaye ni inda ya samo irin wannan kai. A bakin murhun kakarmu ya samo shi, a Gwashi. Bayan isha'i takan tura dankali cikin toka, ta ce sai ya nuna labari zai ƙare.

Akwai wanda ta fi maimaitawa, kuma ni take kallo in tana yin sa. Wai wani mutum ne mai tsoron kada a taka masa inuwa a hanya. Sai ya naɗe ta kamar tabarma, ya ɓoye a rumbu. Bayan damina ya buɗe, ya tarar gara ta cinye ta, saura kunnuwa.

"Inna Tsohuwa, to yaya ya yi ba inuwa?" in ji ni.

"Ci dankalinka, angona. Wanga miji nau, ko sauro yat tashi sai ya tambai ina za shi."

Dokarta ɗaya ce: wanda ya yi tatsuniya da rana zai ɓace a kasuwa. Ni na riƙe dokar da hannu biyu, Yaya Sani ko a jikinsa. Da rana tsaka yake tara yara a firamare yana ba su labarin, har ya ƙara wa inuwar haƙora da sarauta. Abinci ya daina shiga mini.

Ranar da Baba ya kai mu kasuwar Gummi, na damƙe bayan rigar Yaya, na ce in zai ɓace sai dai mu ɓace tare. Muka kutsa cikin 'yan shanu, ina addu'a ido rufe. Da na buɗe ido, rigar wani Bafulatani ce a hannuna.

"Yaro, tun ɗazu kake biye da ni. Kai ma na sayarwa ne?"

Yaya Sani ne ya gano ni wurin masu nono, ina kuka.

Da littafinsa na farko ya fito daga Kano, fargaba ta dawo sabuwa. Mutum nawa za su karanta da rana? Alhakinsu a wuyan wa? Na roƙe shi ya sa a bango cewa a bari sai bayan isha'i. Ya yi dariya har ya ƙware. Sai na kai ƙara wurin tsohuwa, lokacin idonta ya yi rauni.

"Angona, har yanzu? Mu munka ƙaga zancen nan don ku tahi gona. In an bar ku da tatsuniya da rana, wa ka korar tsuntsu ga gero?"

Na daɗe ina juya maganar nan. Ɗumin murhu ɗaya muka ji da Yaya: shi ya tashi da labarin ya mai da shi sana'a, ni na tashi da gargaɗin na yi ta dakonsa. Yanzu nakan karanta littattafansa da hantsi, kuma ban ɓace ba. Amma ranar kasuwa, tsakani da Allah, ba na buɗewa.