Nauyin Shafin Sanarwarmu

Ƙarfe goma da kwata na safe, ranar Asabar. Mu uku ne a shagona: ni, da shugaban ƙungiyar tsofaffin mazauna unguwarmu Zangouettin, da 'yar ƙanwata mai aikin kwamfuta a unguwar Ouaga 2000.

Tun da aka rushe unguwarmu muka warwatsu, shela ba ta kai wa kowa. Sai na koyi haɗa shafin intanet a hannun masu siber, wato shagon intanet, na buɗe wa ƙungiya ɗaya. Rasuwa a sama, lokacin jana'iza a ƙasa, sai masallaci. Serba, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin, ita ke shirya rubutun ta aiko shi cikakke. JavaScript ɗin da na sa, wato umarnin da waya ke saukewa ta bi, ɗan ƙarami ne, aikinsa sabunta sanarwa kawai.

Wata biyu kafin wannan zama, 'yar ƙanwata ta sake gina shafin da babban laburare, wato tarin JavaScript da wasu suka riga suka rubuta. Ya yi kyau, ban musa ba. Amma sai waya ta gama sauke wannan kayan kafin harafi ɗaya ya fito. Wani tsohon direba da ke zaune bayan gari ya yi ta kallon farin allo har ya haƙura. An binne amininsa bayan azahar, shi kuwa sai da la'asar ya ji.

A zaman namu na ce zan mayar da tsohon shafi.

Ta ce, "Kawu, duniya ta wuce nan. Naka kamar takardar asibiti."

Na ce, "Takardar asibiti ana karanta ta."

Shugaba ya ce, "Malam, baƙi suna yaba sabon."

"Alhaji, baƙi ba su zuwa jana'izarmu."

Na fito da wayar direban, wadda na aro. Muka shiga motar Alhaji har ƙofar gidan mutumin, inda rezo, wato sabis ɗin waya, ke da sanda ɗaya. Na farko, na buɗe nawa ina jan carbi: ƙwaya bakwai, rubutu ya fito. Na biyu, nata. Na zagaye carbin, na sake zagayewa. Allo fari.

Ta ce, "Wayar ce ta tsufa."

Na ce, "Mutanenmu ma sun tsufa. Mu zubar da su?"

Ranar na mayar da nawa. Mako guda ba ta gaishe ni ba, daga baya ta aiko da wani laburare da ya fi nawa ƙanƙanta. Sai da na auna shi da carbi kafin na karɓa.

Kai mai karatu, in kana gina wa jama'arku shafi, ka ari wayar dattijon da ya fi kowa nisa da gari, ka gwada a ƙofar gidansa kafin ka sake shi.