Goma da Ɗigo Shida

Afra'u Sharfaddeen 'yar Toranke ce, kuma a unguwarsu ita ta fara zuwa jami'a karatun Fizis. Tun tana ƙarama an san ta da kafiya. In ta ce kwanon awo bai cika ba, sai an ƙara.

A shekarar farko aka shigar da su ɗakin gwaji. Aka ba ta zare, da ɗan ƙwallon ƙarfe, da rular katako, da agogo. Aikin shi ne ta rataye ƙwallon, ta auna zaren, ta ƙirga lilonsa, ta fitar da ƙarfin da ƙasa ke jan abu da shi. Littafi ya ce 9.8. Sau biyar tana yi tana samun 10.6. Ta rubuta abin da ta gani.

Malam Anas, mai kula da gwajin, ya ba ta biyu cikin goma. Waɗanda suka faro daga amsar littafi suka ƙago lambobinsu, tara-tara suka kwasa.

"Malam, ina kuskurena?"

"Ke za ki gyara wa masana lissafi? Kowa ya samu daidai sai ke."

Ranta ya ɓaci har ta kasa cin abinci. Da ta je gida hutun ƙarshen mako, ta biya ta kasuwar Gaya ta ari tef wurin Hussaina tela. Ran Litinin ta gwada rular da tef ɗin. Ashe bakinta ya gutsure, santimita huɗu cur babu, an goge wurin ya yi sumul. Duk tsawon da aka auna da ita sai ya ƙaru da santimita huɗu.

Ta kai wa Malam Anas rular a gaban aji. Ya juya ta, ya taɓe baki.

"Shekara shida muna aiki da ita, ba wanda ya yi ƙorafi."

"To shekara shida ana yi maka ƙarya kana ba da maki, Malam."

Ya ce makinta yana nan yadda yake, ya umarce ta ta mayar da rular durowa. Afra'u ta ɗora ta a gwiwa ta karya ta biyu.

Kwamitin ladabtarwa ya zauna, aka sa ta maimaita kwas ɗin. Babu wanda ya tambayi dalili, har Baffanta da ya yi ta faɗa a waya.

Yanzu tana koyarwa a wata sakandaren 'yan mata a Gaya. Bara sun haɗu da Malam Anas a tasha, ya gaishe ta da fara'a. Ta amsa gaisuwar kawai, ta shige adaidaita.