Amin Ɗin Da Baba Mai Makulli Ya Riƙe

Har yau, da ƙarfe biyar na asuba ta yi, Baba Mai Makulli yakan farka ba tare da agogo ba. Ya zauna a bakin gado, ya laluba takalmansa da ƙafa, hannunsa na dama kuma ya tafi ƙugu neman zoben makullai. Wata takwas ke nan da aka karɓe su, amma hannun bai sami labari ba tukuna. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana buɗe majami'armu. Shi ne shara, shi ne goge benci, shi ya san tagar da sai an ɗan ɗaga ta kafin ta rufu, da bencin da ƙusarsa ke kama rigunan mata. Idan jariri ya yi amai a tsakiyar wa'azi, kafin uwar ta gama jin kunya ya iso da tsumma. Ba a taɓa ambatonsa daga kan bagade ba, sai ranar da aka ga ƙura.

Amma ba don shara na ɗauki alƙalami ba. Na ɗauka ne don 'ya'ya uku da ya yi wa tarbiyya, shi da matarsa, a ɗaki biyu na bayan majami'a, da kuma irin tukwicin da muka ba shi.

A gidan nan, kafin a buɗe ƙofar kowa, sai an yi addu'ar safe. Mama, wadda aikinta ɗinki ne, ita ke karanta Littafi Mai Tsarki, don karatun Baba sai da yatsa, kafin ya kai ƙarshen layi shayi ya huce. Shi kuma ya yi addu'a. Doka ɗaya ce tak a wurin, kuma duk wanda ya taɓa kwana a gidan ya san ta: ba a cewa amin ga abin da ba a ji ba.

"Amin sa hannu ne," haka yakan ce. "Ni a takarda sai dangwale, amma a gaban Allah ba na dangwala wa abin da kunnena bai ji ba."

Yana kuma da hanyar kama ɓarawon barci. Babban ɗansa, wanda yanzu direban babbar mota ne, ya ba ni labarin yana dariya. Wata safiya ana cikin addu'a, Baba bai canza murya ba ya ce, "Ya Ubangiji, ka tsare matafiya, ka ba marasa lafiya sauƙi, ka kuma sa wanda yake gyangyaɗi a ɗakin nan ya wanke kwanukan gidan nan har sati guda." Yaro ya zabura ya ce amin, da ƙarfi ma, don a san idonsa biyu. Ƙannensa suka fashe da dariya. Kwana bakwai yana wanke-wanke, in ya yi ƙunƙuni Baba ya ce masa, "Ni ban sa ka ba. Kai ka sa hannu."

Mama ita ma da nata darasin, sai dai a kan keke take bayarwa. Idan autarsu ta taya ta ɗinki, layi ya karkace a cikin riga inda ido ba ya kaiwa, sai ta miƙa mata reza ta ce ta warware.

"Mama, ai mai rigar ba za ta gani ba."

"Ke kin gani ai."

Haka Auta ta tashi, tsakanin uban da ba ya amsa abin da bai ji ba da uwar da ba ta rufe abin da ta gani. Malamar makarantar Lahadi ta wancan lokacin tana nan da ranta, ku tambaye ta. Ta taɓa rufe addu'a, yara duka suka amsa, sai ga Auta, tana 'yar shekara tara, ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ban ji ƙarshen ba, ki maimaita." Da labarin ya zaga, mun yi dariya, mun yi tafi, har aka yi misali da su a taron iyaye. Aka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kowa ya je ya ga gidan Mai Makulli. Tarbiyyar ta yi mana daɗi a lokacin, don ba ta taka ƙafar kowa ba tukuna.

Auta ta yi karatu har ta zama injiniyar gine-gine. Mu kuwa muka yi yawa, majami'a ta yi mana kaɗan, aka yanke shawarar a ɗora bene daga baya, inda yara za su riƙa zama lokacin sujada. Aka ba ƙanin matar shugaban dattawa aikin. Gini ya tashi, aka yi fenti, aka sa ranar buɗewa, aka aika wa baƙi takardun gayyata. Abu ɗaya ya rage, sa hannun injiniya cewa benen zai ɗauki mutane. Sai aka tuna ashe muna da 'yar gida.

Ta zo ranar Talata da safe, ubanta ya buɗe mata. Ta zaga, ta ƙwanƙwasa, ta yi awo, ta leƙa inda rodi ya fito. Daga nan ta karɓi makulli ɗaya daga ƙugun Baba ta karci ginshiƙin tsakiya. Yashi ya zubo a kan daɓen da ya share da asuba. Ta daɗe tana kallon yashin nan. Ta ce wa dattawa siminti ya yi kaɗan, rodi ya yi siriri, ba za ta sa hannu ba sai an sake ginshiƙan.

Ba ita suka kira ba. Ubanta suka kira.

Ya shiga ofis ya tarar da su biyar a zaune a kan kujerun da ya goge da safe, ba wanda ya ce masa ga wuri. Shugaban dattawa ya cire tabarau ya ce, "Mai Makulli, yarinyar nan a nan aka yi mata baftisma. Mu muka yi ta ɗaga ta cikin addu'a har ta gama makaranta. Yau ita ce za ta kunyata mu a idon baƙi?"

"Ranka ya daɗe, ni ban san aikinsu ba."

"Ba aikinsu muka ce ka sani ba. Kai uba ne ko hoto? Ka ce ta sa hannu. Kuma ka tuna a ɗakin wa kake kwana."

Ya fito. Ya san abin da ake nufi sarai: makullai, da ɗaki biyun nan, da matan ikkilisiya da ke kawo wa Mama ɗinki. Shekararsa sittin da takwas, ba shi da ko bulo ɗaya a wani wuri. Tsoro ya kama shi, ba zan ɓoye masa ba, don shi ma bai ɓoye ba. A gida Mama ta tare shi da faɗa. "Baban yara, gaskiyar nan taka ita za ta ba mu masauki? A tsufanmu za mu ɗauki katifa a ka?"

Da la'asar Auta ta zo. Ta durƙusa ta gaishe su, ta ajiye takardar da biro a kan teburin keken ɗinki. Idonta ya yi ja. Ta ce, "Baba, tun da nake ban taɓa tsallake maganarka ba. Ga takarda, ga biro. Abin da ka ce shi zan yi."

Nan ne abin ya fi yi masa ciwo, don ya san ba cika baki take yi ba. Shi ya koya mata biyayya, shi ya koya mata gaskiya, yau ga su biyun sun tsaya a gabansa kowace na jan hannunsa. Kalma ɗaya daga bakinsa, ya kwana a ɗakinsa har ya mutu. Ya dubi takardar turancin da ba zai iya karantawa ba, ya ce, "Addu'ar nan tasu, kin ji ta har ƙarshe?"

"Na ji, Baba."

"Yara nawa za su hau?"

"Wajen ɗari biyu."

"Da 'ya'yan yayanki a ciki. Za ki ce amin?"

Ta girgiza kai.

"To, mayar da bironki jaka."

Mama ta tsayar da keke. Suka zaci wani faɗan ne zai biyo. Sai ta ɗauki biron da hannunta ta saka wa 'yarta a jaka, ta zuge, ta ce, "Shi ke nan. In za ki dawo gobe ki taho mana da kwalaye."

Lahadin da ta biyo, majami'a ta cika maƙil. Shugaban dattawa ne ya yi addu'ar jama'a. Ya fara a hankali, ya yi wa marasa lafiya, ya yi wa matafiya, sannan ya ɗaga murya. Ya roƙi Allah ya karya girman kan 'ya'yan da boko ya kumbura musu kai, ya kunyata masu hana aikin Ubangiji ci gaba, ya kuma ji ƙan iyayen da suka kasa tarbiyya a gidajensu. Ba wanda bai san da wa ake ba. Aka amsa amin har tagogi suka ɗauka. A can bakin ƙofa, inda ya saba tsayawa, Baba Mai Makulli yana tsaye, ido a buɗe, baki a rufe. Mama na gefensa, nata ma a rufe. Mutane suka waiwaya suka gani, aka ƙara wannan a cikin laifinsa.

Sati bai zagayo ba aka karɓi makullan. Wai tsufa, wai don ya huta. Ba taron sallama, ba ko kofin ruwa. Babban ɗansa ya zo da mota ya kwashe su zuwa wani ɗaki a bayan gidansa. Matan da Mama ta ɗinka wa rigunan aurensu suka gano cewa ashe ɗinkinta ya tsufa.

Ku ji ƙarshen abin kunyar. Aka ɗauko wani injiniya daga nesa, mai ƙatuwar jaka, don ya sa hannun. Ya zaga, ya ƙwanƙwasa, ya faɗi abin da Auta ta faɗa, sai dai da dogon turanci. Aka ba shi kujera, aka kawo masa lemo mai sanyi, aka yi masa godiya. Lahadi aka sanar daga kan bagade cewa Allah ya aiko bawansa ya ceci yaranmu. Muka yi waƙa, muka yi tafi. Benen yana nan an tokare shi da ƙarafa, an sa masa kwaɗo. Har yau ba wanda ya taka zuwa ɗakin nan na bayan gida ya ce a yi haƙuri.

Baba, kai ne uban da aka ce ya kasa tarbiyya, alhali tarbiyyarka ce ta hana mu haƙa ƙananan kaburbura. Kai ne ka sayar da rufin kanka ka sayi barcin iyayen da ba sa gaishe ka. Mun so 'ya'ya masu gaskiya, amma irin gaskiyar da ke tsayawa a bakin ƙofar ofis ta cire takalmi. Kai ka koyar da wadda ke shiga har ciki. Ke kuma Mama, mai warware karkataccen layi, ke kika fi kowa tsoro a ranar, kuma ke kika zuge jakar. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, mun gani.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne bai yi fushi ya bar mu ba. Kowace Lahadi yana shiga motar farko, ya riga kowa isowa, ya tsaya a waje yana jiran sabon mai makulli, wanda ba ya zuwa sai rana ta take. A nan na same shi makon jiya, yana cire busasshen ganye daga matakala da ƙafarsa. Ina da abin da ya daɗe yana ci na. A benci na uku nake zaune ranar addu'ar nan, 'yata kuma tana cikin yaran da za su hau benen.

Na durƙusa na ce, "Baba, ni ma na amsa ranar nan. Ka yafe mini."

Ya dube ni ba tare da fushi ba. Na so a ce da fushin ne. Ya ce, "Ka ji addu'ar kafin ka amsa?"

Da zan iya cewa gyangyaɗi nake, da na sami sauƙi, in wanke kwanuka sati guda a wuce wurin. Na ce, "Na ji, Baba. Har ƙarshe."

"To, tashi, kada ka ɓata wandonka. Ni ban riƙe ka ba. Amma ba a wurina ka sa hannu ba, ɗana. Ka je inda takardar take."

Mun gode, Baba Mai Makulli. Mun gode, Mama. Godiyar ta makara, ba ta kuma mayar da ɗaki, na sani. Ku kuma iyaye 'yan'uwana, masu tara yara da asuba, ku koya musu abin da mutumin nan ya koya wa nasa, amma ku sani wata rana za su kawo muku biro su ajiye a gabanku. Allah ya ba tsohon nan lafiya da tsawon rai, har ya ga ranar da waɗanda suka kore shi za su tsaya a bakin ƙofarsa suna jira a buɗe musu, ni ma ina cikinsu.

Kada ku yi saurin amsawa. Ku koma ku sake karantawa tukuna.