Ba a Tsaga Cikin Hussaina Ba

Duk wanda ya taɓa cin farfesun kayan ciki a Tina Junction ya san Tabawa, ya kuma san bakinta. Shekara goma sha shida tana wanke hanji da tumbi a wurin. Ni maƙwabciyarta ce a Jos Jarawa. Ina son ta, amma ina shakkar ta.

Bara 'yarta Hussaina, mai shekara tara, ta kwanta da ciwon ciki ta gefen dama. Lukuman, mijin Tabawa, yana hanyar Legas da tirela, sai wansa Abdulfatah ya kai su wani ɗan asibiti a lungu, ni ma na bi. Mai wurin ya danna cikin sau biyu, ya ce afendis ne, a yi tiyata da yamma.

Tabawa ta ce sai an ɗauki hoto.

"Maman Hussaina, oga ya riga ya duba," in ji Abdulfatah. "Kin fi shi sani ne?"

"Yaya, kayan cikin akuya ma sai na juya na gani kafin in sa wuƙa, balle 'yata."

Ta goya yarinyar, ƙafafu na reto, ta tari keke zuwa babban asibiti. Abdulfatah na bayanta yana cewa in wani abu ya faru ita ta jawo. Tsoro take ji ƙwarai, amma ba ta waiwaya ba.

Hoto ya nuna afendis lafiya lau. Likitar, wata mai suna Obiamaka, ta fara zane a takarda: akwai shimfiɗar kitse da ke lulluɓe hanji, gefenta ne ya murɗe, jini ya daina kai mata. Ta ce ba kasafai ake ganin haka a yara ba.

"Ajiye biro, likita," in ji Tabawa. "Kullum da hannuna nake yaye kitsen nan. Yaya za a yi?"

Likitar ta ce maganin zafi da sa ido. In ciwon ya ƙaru, a yi tiyata. Wannan karon ta yarda. Kwana huɗu tukunyarta na kife, rana ta biyar aka sallame su.

Abdulfatah bai sake taka gidan ba, wai an raina shi gaban mutane. Dangi suka taru, suka ce ta je ta ba shi haƙuri.

"Gaisuwa dai zan kai masa, yayana ne," ta ce. "Amma haƙurin me? Na dawo da 'yata da cikinta yadda na haife ta."