Telan da Ya Auna Fuskata

Ranar Talata, tara ga watan Maris, da hantsi, babbar 'yarka ta buga mini ƙofa ta ce an tashe ka sallar asuba ba ka tashi ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Shekara goma sha ɗaya shagonka na kallon tagar ɗakina, amma ban taɓa rubuta maka ko layi ɗaya ba sai yau, ranar da ba za ka ce a karanta maka ba.

Ni ba mai yabon mutane ba ne. Na yi karatu har inda ake kaiwa a zamaninmu, na yi aiki shekara talatin da biyar, aka sallame ni da agogon bango da takardar godiya wadda ko sunana ba a rubuta daidai ba. Tun daga nan na yanke hukuncin cewa kowa kansa ya sani. Kai ka rushe mini wannan hukunci, kuma har yanzu ina juya al'amarinka a raina ban gama gane shi ba.

Bara waccan likita ya ce numfashina na ɗaukewa cikin barci, in ban kula ba zuciyata za ta gaji. Aka haɗa ni da na'ura mai hura iska ta tiyo zuwa takunkumin roba da ake ɗaurawa a hanci da baki. A asibiti ya zauna mini daram. A gida kuwa iska ta riƙa sulalewa ta gefe, tana fito, tana busar mini da ido. Na karanta littafin na'urar daga bango zuwa bango. Na tamke igiyoyin har karan hancina ya yi gyambo. Na shiga inda aka ce likita kaɗai ke taɓawa, na ƙara ƙarfin iskar da hannuna, fito ya koma gurnani. Bayan wata biyu na naɗe tiyon na wurga bisa kabad, na ce in mutuwa ce ta zo ta same ni da mutuncina.

Gyambon nan ka gani ranar da na kawo maka wando ka rage ƙugu.

"Shehin boko, wa ya cije ka a hanci?"

Na faɗa maka a taƙaice don ka ƙyale ni. Ba ka ƙyale ni ba. Bayan la'asar ka rufe shago ka shigo, tef a wuya, zare a aljihu. Ka sa na ɗaura takunkumin ina zaune, na kunna na'urar, ka tsinke silin zare kana zagaya bakin robar da shi. Ka ce inda iska ke fita zare zai yi rawa. Bai motsa ba. Ka ce in kwanta. Na kwanta, ya ɗan kaɗa wajen haɓa, shi ke nan. Ka daɗe kana kallona irin kallon da kake yi wa rigar da ta ƙi zama a kafaɗa.

"Malam, in riga ta zauna a shago ta ƙi zama a gida, to ba jikin da aka auna ne ya sa ta ba. Me kake cirewa kafin ka kwanta?"

"Tabarau."

"Sai me?"

Idonka na kan kofin da na rufe da faranti bisa durowa. Shekara bakwai ina sa haƙoran roba, sama da ƙasa. Ban da marigayiya uwar 'ya'yana ba wanda ya sani, har likitan. Na juya baya na cire su, na mayar da takunkumin. Kumatuna suka faɗa ciki, zare ya kama rawa hagu da dama.

Na jira dariya. Ba ka yi ba. Cewa ka yi, "To ai ga ta nan. Fuskar rana aka auna, ta barci ke shan wahala."

Ka sassauta igiyoyin, ka nuna mini cewa roba in an matse ta naɗewa take, iska ta sami hanya. Washegari ka kawo ƙyalle mai laushi da ka yanka daidai bakin takunkumin, ka ninka shi biyu ta wajen kumatu. Maɓallan na'urar kuwa ka ƙi taɓawa, ka ce wannan ba ɗinki ba ne. Kai ka tasa ni gaba zuwa asibiti, inda wata nas sa'ar jikata ta yi mini faɗa, ta mayar da ƙarfin iskar yadda likita ya rubuta, ta saita ta ta fara a hankali, ta sake gwada mini takunkumi ina kwance ba haƙora. Tun ranar nake barci irin na mutane. Zancen kofin nan kuwa ban taɓa jin sa a bakin kowa ba.

Daga nan tambayoyinka suka fara. Yaya na'ura take sanin numfashi ya tsaya? Shi mai barcin yana ji? Ciwon kai da safe yana ciki? Na riƙa ba ka amsa da dogon bayani, ina jin daɗin an sami mai neman abin da na sani. Ta taga nakan hango ka da hantsi kana gyangyaɗi a kan keken ɗinki, ƙafa a kan feda. Wata rana na ɗaga murya na ce, "Tela, daren bai ishe ka ba?" Ka ce mai ɗakinka ta ce minsharinka kan tsaya cak kamar keke ya cinye zare, can kuma ya ci gaba. Ka yi dariya. Ni ma na yi.

A zaman makoki mai ɗakinka ta aiko mini da ƙunshi: ƙyallaye shida da ka yanka mini, da kwalin da ka zana fuskata a kai da alli. Ta ce ka ce da zarar ka gama ɗinkin kayan 'yan makaranta za ka roƙe ni in raka ka wajen likitan nan.

Ban san abin da ya ɗauke ka ba. Ajali ba ya neman dalili, kuma ba likitan da ya duba ka. Abin da na sani shi ne, kai da ba ka taɓa zaman aji ba ka kalli kofi ɗaya ka ce "Sai me?" Ni da takarduna na saurari tambayoyinka shekara guda ban taɓa cewa me ya sa kake yi ba.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka, Ya yalwata maka kabari, Ya sa Aljanna ce makoma. Ga mai ɗakinka da 'ya'yanka da ƙannenka, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. Babban ɗanka direba, wanda matarsa ta shaida mini ya gaji minsharinka, ya ce ba shi da lokacin zuwa asibiti. Na ce masa ranar Alhamis ƙarfe takwas ina bakin ƙofarsa, kuma ba zan ƙyale shi ba.