Ranar da Gajimare Ya Ɓace Daga Wayar Baba Ndayako

Baba Ndayako ya shekara talatin da ɗaya yana tuƙa tankar ruwa a Minna. Daga madatsar ruwa ta Tagwai yake ɗaukowa, ya kai wa masu gini da masu gidan burodi da duk unguwar da famfonta ya yi yaji. Banufe ne daga wani ƙauye kusa da Bida. Ya shigo gari yana saurayi, ya kama ɗaki a Kpakungu, a nan ya auri Kafayatu, Bayarabiya mai sayar da alabo da garin kwaki, a nan kuma suka haifi 'yarsu tilo, Nuriyya. Da gwiwarsa ta hagu ta ƙi taka kulochi, sai ya miƙa makullin mota ya dawo ƙofar gida ya kafa benci.

Zaman bencin bai karɓe shi ba. Mutumin da ya saba ana tare shi a hanya ana roƙon ya taimaka da ko jarka biyu, sai ga shi ana wucewa ana ɗaga masa hannu kawai. Ba mai tambayarsa komai, ko da ƙarfe nawa ne.

Ana cikin haka Nuriyya, wadda ke aikin jinya a Abuja, ta sayi sabuwar waya ta aiko masa da tsohuwar. A saman fuskar wayar akwai wani ɗan akwati mai hotuna bakwai a jere, kowace rana da nata: rana, ko gajimare, ko gajimare mai zubar da ɗigo. Baba Ndayako ba ya karanta boko sosai, amma hoto ba ya buƙatar malami. Wata safiya da farkon damina, sama fes, ya ga Kafayatu tana shimfiɗa alabo a tabarma.

"Maman Nuriyya, kada ki shanya. Yau akwai ruwa."

Ta ɗaga kai ta dubi sama, ta dube shi, ta ci gaba da shanyarta. Da la'asar aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Tana kwasar jiƙaƙƙen alabo tana faɗa da Yarabanci, maƙwabta suna jin ta tana cewa ai mutumin nan ya faɗa tun da safe.

Kafin sati biyu labari ya zaga layin. Masu wanki, masu shanyar barkono, mai gyaran rufin kwano, kowa sai ya biyo ta benci. Aka sa masa suna Baba Mai Hadari. Shi kuwa bai taɓa cewa ga inda yake gani ba. In an tambaye shi sai ya ce, "Ina zuwa," ya shige ɗaki ya leƙa wayar, ya fito ya tsaya tsakiyar layi, ya dubi gabas, ya shaƙi iska sau uku, wani lokacin har ya lashi yatsa ya ɗaga sama. Sannan ya yanke hukunci. In ya dace, shekara talatin da yin hulɗa da ruwa ba wasa ba ce. In bai dace ba, iska ce ta juya a hanya.

Babban mai zuwa wurinsa shi ne Julius, maƙwabcinsa mai buga bulo, mutumin kudancin Kaduna da ya fi shekara ashirin a unguwar. Julius ba ya kwaɓa siminti sai ya ji ta bakin Baba. Haka aka yi damina biyu.

A damina ta uku, wata Laraba, Julius ya zo da sassafe da hularsa a hannu. Ya samu aikin zuba dekin, wato rufin kankare, na wani bene a Tunga, aiki mafi girma da ya taɓa samu. Yana so ya tara leburori ashirin da injin kwaɓa ranar Asabar.

"Baba, ka duba mini Asabar da kyau. In ruwa ya same mu muna tsakiyar zubi, na shiga uku."

"Ina zuwa," in ji Baba Ndayako.

Ya shiga ɗaki, ya zaro wayar daga ƙarƙashin filo, ya taɓa. Hoton jikansa yana nan yana dariya. Koren akwatin kira yana nan. Inda gajimare yake zama kuwa, wayam. Ya goge fuskar wayar da bakin riga. Ya ja hagu, ya ja dama. Ya juya ta ya duba baya, kamar abin zai iya zamewa ya faɗa can.

Ya fito ya tsaya tsakiyar layi. Ya dubi gabas ya daɗe. Ya shaƙi iska har sau bakwai, har ƙamshin ƙosan maƙwabta ya sa shi atishawa.

"Yau sama ta rufe bakinta," ya ce. "Ka dawo gobe."

Julius ya dubi sama shi ma, ya sa hularsa ya tafi.

Yinin ranar Baba Ndayako bai zauna a benci ba. Ya kashe wayar ya kunna sau huɗu. Ya sa ta a caji har ta cika ta yi zafi. Ya cire layin ya hura masa iska ya mayar, kamar yadda yake yi wa fulogin mota. Ya ɗan bubbuga ta a tafin hannu. Kafayatu tana zaune tana auna gari a leda, tana kallonsa ta wutsiyar ido.

"Baban Nuriyya, hadarin ne ya gudu?"

"Wane hadari?"

"Na cikin waya. Ko ka ɗauka ban sani ba? Ɗakin nan fa tare muke kwana a cikinsa."

Ya kira Nuriyya. Tana wurin aiki, ana jin hayaniya a bayanta.

"Baba, abu ne mai sauƙi. Ka nemi wurin da babu komai a jikin wayar, ka danna ka riƙe, za ka ga wasu abubuwa sun fito. Ana kirana, zan neme ka anjima."

Ya duba wayar sama da ƙasa. Wurin da ya fi kowane zama babu komai shi ne bayanta. Ya dafa babban yatsa a can, ya riƙe, ya riƙe, har yatsan ya yi fari. Ba abin da ya fito. Ya juyo gaba ya danna wani wuri ya riƙe, sai duk 'yan akwatunan suka kama rawa. Ya firgita ya ja yatsa, koren akwatin kira ya bi yatsan ya tafi wani shafi. Yanzu ko Nuriyyar ma ba ya iya kira.

Washegari tun kafin Julius ya fito, ya sa babbar riga ya bi ta bayan layi. Akwai masu gyaran waya uku a Kpakungu, amma dukkansu sun san shi, ɗaya ma yana zuwa tambayar ruwa saboda janaretonsa a waje yake. Don haka ya hau Keke ya yi cikin gari, ya wuce rumfuna da yawa yana leƙa fuskoki, har ya sami wadda bai taɓa gani ba. Wata matashiyar mata ce mai tabarau, an rubuta sunanta Susan a jikin gilashin teburinta.

"Sannu da zuwa, Baba. Me ya sami wayar?"

Ya duba hagu da dama, ya rage murya. "'Yata, gajimarena ne ya ɓace."

Susan ta cire tabarau ta dube shi da kyau. Sai da ya zana mata da yatsa a kan tebur, rana nan, gajimare nan, ɗigo-ɗigo nan, sannan ta gane.

"Oho, wijet ɗin yanayi. Kawo mu gani."

Ta fara dawo da koren akwatin kira mazauninsa da jan yatsa ɗaya. Sannan ta danna wani fili a fuskar wayar, tsakanin kunnen jikansa da gefe, ta riƙe. Jerin abubuwa ya fito.

"Au, nan ne babu komai?" in ji Baba.

Ta yi ta ja sama tana dubawa. Agogo yana nan, kalanda tana nan, na yanayi babu. Ta shiga wani wuri ta fito.

"Baba, kwanan nan wayar ta ce maka ta cika?"

"Ta faɗa, ranar Talata. Sai ta nuna mini hoton tsintsiya, na danna. Shara ai ba laifi ba ce."

"To ka share har da manhajar. Tsintsiyar tana kwashe abin da aka daɗe ba a buɗe ba, kai kuma ba ka taɓa buɗe ta ba, leƙe kawai kake yi. Wannan akwatin da kake gani taga ce. Ɗakin yana ciki. Ka rushe ɗaki, ka zo kana neman taga."

Ta nemi dawo da manhajar, wayar ta ce ba wuri. Da ta buɗe ma'ajiyar hotuna sai ta dafe kai. Furanni ne fiye da dubu huɗu, ja da ruwan hoda, kowanne da barka da Juma'a ko barka da safiya, duk daga zauren hirar waya na tsofaffin direbobin tanka. Tsintsiyar ba ta taɓa ko ɗaya ba, saboda kullum yana buɗe su.

"Zan share su, Baba."

"Duka? Gaisuwar mutane ce fa."

Aka yi ciniki, ta bar masa guda goma. Ta sauko da manhajar, ta sake danna filin nan ta riƙe, ta jawo akwatin da yatsa ta ajiye shi daidai inda yake a da. Hotuna bakwai suka jeru. Baba Ndayako ya miƙe tsaye, gwiwar ma ya manta da ita.

"Shi ne! Wallahi shi ne, har da ɗan rubutunsa a kusurwa!"

Susan ta dubi rubutun. "Baba, daga Kubwa ka zo?"

"Wace Kubwa? Kpakungu nake."

"Nan an rubuta Kubwa. Manhajar ta tuna garin da mai wayar ta sa mata tun farko. Yanayin Kubwa kake kallo, ta Abuja."

Ya koma ya zauna a hankali. Shi a zatonsa sunan kamfanin ne. Damina biyu cur yana tsayawa tsakiyar layi yana shaƙar iskar Kpakungu, yana faɗa wa mutane ruwan da za a yi a ƙofar gidan 'yarsa. Ya tuna ranar da ya hana mata shida wanki aka yini ana rana mai ƙuna. Ya tuna Nuriyya ta kira a ranar tana cewa ruwa ya hana ta fita.

"In mayar maka Minna?"

"Sa mini Minna. Amma ki bar Kubwar ma. Mun saba."

Ta jera masa biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ta kama yatsansa ta koya masa dannawa da riƙewa har sau uku, ta kuma gargaɗe shi da ya riƙa karanta abin da tsintsiya za ta kwashe, ko ya ba wani ya karanta masa.

Da ya iso gida sai ya tarar da Julius zaune a bencinsa yana cin gyaɗa. Baba ya gyara riga, ya nufi tsakiyar layi, ya fara ɗaga hanci.

"An gyara, Baba?" in ji Julius.

Hancin ya tsaya a sama. "An gyara me?"

"Wayar. Mama ta ce ka tafi cikin gari wurin masu gyara."

Daga cikin gida aka ji Kafayatu tana buga murfin tukunya da ƙarfi fiye da yadda ake buƙata.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun bara waccan. Labulen tagarka gajere ne, Baba. Duk layin nan an sani."

"To me ya sa kuke zuwa? Kai ba ka da waya?"

"Ina da ita, har da irin akwatin naka. Amma in waya ta yi mini ƙarya, wa zan je in yi wa masifa? Kai kuwa ga ka a benci."

Baba Ndayako ya so ya yi fushi, ya nemi fushin ya rasa. Ya zauna, ya ɗebi gyaɗar Julius, ya zaro wayar a fili karo na farko. Suka haɗa kai suna kallo. Asabar ta Minna gajimare ne mai ɗigo. Asabar ta Kubwa rana ce tas.

"Wanne za mu bi?" in ji Julius.

Baba ya dubi wannan, ya dubi wancan. "Ka fara da asuba, ka tafi da tamfol."

Haka aka yi. Leburori suka fara zubi gari na wayewa, suka gama kafin azahar cikin rana mai zafi. Sai bayan la'asar, kankare ya riga ya kama jikinsa, aka yi yayyafi mai laushi na kusan awa ɗaya, irin wanda sabon dekin yake so. Julius ya dawo da kaza a hannu. Baba Ndayako ya karɓa, ya ce dama abin da ya gani ke nan, safiya ta Kubwa ce, yamma ta Minna.

Mutane ba su daina zuwa benci ba. Sai dai yanzu yana da sabuwar sana'a a kan ta da. Duk tsohon da ya zauna kusa da shi da waya a hannu, sai ya karɓa ya nuna masa inda babu komai, ya danna ya riƙe, ya jawo masa wani abu. Ya sa wa limamin layin kalanda, ya sa wa mai gyaran rufi abin ƙirga taku. Ranar da Kafayatu ta bar tata wayar a kan tabarma ta shiga wanka, ta fito ta tarar da agogo biyar a fuskarta, manya da ƙanana, sun rufe hoton Nuriyya ruf, kuma Susan ba ta koya masa yadda ake cirewa ba. Tun daga ranar a cikin buhun alabo take ɓoye wayarta.